Likita ya ce ɗana yana da otizim, ina zan dosa?

Wasiƙu uku muka ɗauko a wannan fitowa, daga Garwa da Marwa da Njamena, kuma dukkansu a kan larura ɗaya suke. Ta farko ce za ta ci mafi yawan fili, domin abin da ke cikinta ya shafi sauran.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni uwa ce mai 'ya'ya uku a Garwa. Ɗana na biyu yana da shekara uku da rabi, amma har yanzu ba ya magana sai 'yan kalmomin da yake maimaitawa, idan an kira sunansa ba ya waiwayowa, kuma yakan wuni yana jera marafan kwalba, da zarar an taɓa ɗaya sai ya yi ta ihu yana buga kansa da bango. Mun bi jirgin ƙasa daga Ngaundere mun kai shi Yawunde, likitan yara ya ce otizim ne, abin da wasu ke kira galahanga. Ya ba mu takarda, ya ce mu nemi mai koyar da magana, muka dawo gida ba mu san inda za mu same shi ba. Uwar mijina ta ce shafar aljanu ce, a kai shi wurin mai magani a ƙauye. Wata maƙwabciya ta ce harsuna ne suka yi masa yawa, domin a gida Hausa muke yi, a waje Fillanci, yayarsa kuma tana yi masa Faransanci. Ga kuma wani a WhatsApp da ya ce yana da maganin wanke ƙwaƙwalwa cikin wata uku a kan sefa dubu ɗari biyu, maigidana har ya fara maganar sayar da filinsa. Don Allah, mene ne maganin wannan larura, kuma da me zan fara?
Wata uwa daga Garwa

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba ki ladan ɗawainiya, ya raya miki su. Kafin komai, ki isar wa maigida cewa ya bar filinsa inda yake. Babu ƙwaya ko allura ko sassaƙe da aka tabbatar yana warkar da otizim, ba a Yawunde ba, ba a Faransa ba, ba kuma a Amurka ba, don haka duk wanda ya yanka muku farashi har da wa'adin wata uku, kuɗinku yake so. Wannan ba yana nufin a naɗe hannu ba ne. Akwai taimako mai yawa da ke sauya rayuwar yaro, sai dai mafi yawansa koyarwa ce ta yau da gobe, kuma ke da mutanen gidanki ne za ku fi kowa yin ta.

Otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa take ginuwa tun yaro yana ciki, kuma yana bayyana ne a mu'amala da mutane, da magana, da son maimaita abu ɗaya, da yadda yaro yake jin ƙara ko taɓawa ko ɗanɗano fiye da kima ko ƙasa da kima. Wani likita a Amurka mai suna Leo Kanner ya bayyana shi a 1943 bayan ya lura da yara goma sha ɗaya, kuma an shafe shekaru bayan haka ana ɗora wa uwaye laifi, wai rashin tarairayarsu ne ya jawo, har sai da binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna cewa gado ne yake da kaso mafi girma. Na kawo wannan ne domin na san irin maganganun da ake yaɓa wa uwa a tsakar gida. Ba abin da kika ci ba ne, ba kuma sakacinki ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kimanin yaro ɗaya cikin ɗari yana da larurar, kuma an fi gano ta ga maza, wajen ninki huɗu a kan mata. Masu ita sun bambanta ƙwarai: wani zai yi magana, ya yi karatu, ya kama sana'a har ya yi aure, wani kuma zai buƙaci mai kula da shi tsawon rayuwarsa, kuma a shekara uku da rabi babu likitan gaskiya da zai iya faɗa miki inda ɗanki zai tsaya.

Kuɗin farko da ya cancanci a kashe shi ne na awon ji. A yankinmu, inda sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa da ciwon kunne mai ruwa suke barin yara da raunin ji, bai kamata a ce yaro ba ya amsa sunansa ba a kuma wuce ba a auna kunnensa ba, domin yana iya haɗa otizim da raunin ji, kuma ba a koya wa yaro magana alhali ba ya jin ta sosai. Ki tambayi likitan yara a asibitin yanki na Garwa ya haɗa ki da likitan kunne. Ki kuma gaya masa idan yaron yana suma, ko yana ƙamewa ya zuba ido na ɗan lokaci bai san inda yake ba, saboda farfaɗiya ta fi yawa ga masu otizim, ita kuwa tana da magani. Haka nan rashin barci da taurin bayan gida da ciwon haƙori. Yaron da ba shi da bakin cewa cikinsa yana ciwo, sau da yawa da buga kai yake faɗa, kuma akan ga ihu ya ragu bayan an magance ciwon da ba wanda ya lura da shi.

Daga nan sai ainihin aikin. Za ki ji sunayen tsare-tsaren koyarwa irin su ABA da TEACCH da tsarin Denver, waɗanda ƙwararru ke gudanarwa sa'o'i masu yawa a mako, kuma 'yan ƙalilan da suka iya su a Kamaru sun fi taruwa a Yawunde da Duwala, ga tsada. Kada rashinsu ya karya miki gwiwa. A Ingila an gwada wani tsari mai suna PACT a kan yara 152 'yan shekara biyu zuwa huɗu, inda iyaye ake horarwa maimakon yaran, kuma da aka sake bibiyar su bayan kimanin shekara shida, sakamakon da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa sauƙin alamomin da suka samu bai gushe ba. An kuma daidaita tsarin aka gwada shi a Goa ta Indiya da Rawalpindi ta Pakistan, ta hannun ma'aikatan lafiya da ba ƙwararru ba, ya kuma inganta mu'amalar iyaye da 'ya'yansu. Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shirin horar da masu rainon yara 'yan shekara biyu zuwa tara masu jinkirin ci gaba, wanda aka yi aiki da shi a Habasha da Kenya, kuma darussansa suna intanet kyauta.

Ga yadda abin yake a aikace. Marafan kwalbar nan da suke ba ki haushi, su ne ƙofarki. Ki zauna a ƙasa gaba da gaba da shi, ki samo naki marafan, ki jera kamar yadda yake jerawa ba tare da kin ɓata masa nasa ba, kina faɗin kalma ɗaya ko biyu a kan abin da yake yi, kamar "murfi", "ja", "saka". Idan ya saba da zamanki, sai ki riƙe murfi ɗaya kusa da fuskarki ki yi shiru ki jira. Jiran nan shi ne ya fi wa uwa wuya, domin mun saba biya wa yaro buƙata tun bai nema ba, shi kuwa wanda ake ba shi komai kafin ya nema ba shi da dalilin yin magana. Da ya dube ki, ko ya miƙo hannu, ko ya yi wani sauti, sai ki ba shi nan take ki kira sunan abin. Haka za ki yi da kunu da ƙosai da ruwan wanka: ki ajiye abin da yake so inda zai gani amma hannunsa ba zai kai ba, ki ba shi kaɗan kaɗan domin ya sake nema. Minti goma sau da yawa a rana ya fi zaman sa'a biyu da zai ƙare da kuka. Ki rage masa waya da talabijin, ba don su ne suka kawo larurar ba, sai don suna cinye lokacin da ya kamata ya yi yana kallon fuskar mutum.

Idan magana ta yi nauyi, ki koma ga hotuna. Ki ɗauki hoton kofinsa da kwanonsa da takalminsa da bayan gida da wayarki, a wanke miki su a shagon hoto, ki koya masa ya miƙo miki hoton abin da yake so ki ba shi. Wannan dabara, wadda aka fara a jihar Delaware ta Amurka a 1985 ake kuma kiran ta PECS, ba ta hana magana fitowa kamar yadda iyaye ke tsoro, kuma yaron da ya samu hanyar faɗin buƙatarsa yakan rage ihu. Da hotunan kuma za ki nuna masa abin da zai biyo baya, domin masu otizim suna samun natsuwa idan sun san tsarin yininsu, mu kuwa salloli biyar sun riga sun raba mana yini, sai ki ɗaura wanka da abinci da wasa da barci a jikinsu. Ki tanadi ɗan littafi, duk lokacin da ya birkice ki rubuta abin da ya faru kafin nan da abin da aka yi masa bayan nan. Cikin 'yan makonni za ki fara ganin dalilan, ko ƙarar injin niƙa ce, ko lasifikar gidan biki, ko yunwa, ko kuwa ya gane cewa ihu ne ke sa a ba shi waya.

Maƙwabciyarki ba ta yi daidai ba. Binciken da aka yi na kwatanta yara masu otizim da suka tashi da harshe ɗaya da waɗanda suka tashi da biyu bai nuna cewa harshe na biyu yana ƙara musu jinkiri ba. Ki yi masa Hausa, harshen da kike rarrashi da wasa da shi ba tare da tunani ba. Idan wani ya ce a daina komai sai Faransanci saboda makaranta, ki tuna cewa yin haka zai raba shi da kakarsa da yaran unguwa, su ne kuwa mutanen da zai koyi zama da su.

Game da mai koyar da magana, tunda zuwa Yawunde kowane mako ba zai yiwu ba, ki nemi wanda zai yarda ya koya miki ke, ki ɗauki zaman a waya, ki dawo ki yi aiki da shi na wasu watanni, kina aika masa da bidiyon yaron yana gyara miki. Akwai abin lura ɗaya a nan. A Faransa an daɗe ana kallon otizim a matsayin matsalar dangantakar uwa da ɗa, har sai da hukumar lafiyar ƙasar ta fitar da shawarwari a 2012 da suka fifita hanyoyin koyarwa da horar da ɗabi'a. Saboda haka idan kika haɗu da wanda zai ƙare lokacinsa yana tonon abin da ke zuciyarki bai koya wa yaron komai ba, ki nemi wani.

Maganar Hajiya uwar maigida kuwa, sai da lalama, domin ƙaunar jikanta ce ta sa take neman mafita, kuma za ki buƙaci hannunta a rainon nan. Addu'a da tofi da ayoyin Alƙur'ani ba wanda zai hana, kuma ba sa karo da abin da na lissafa. Inda za a ja layi shi ne duka da sunan fitar da aljani, da ɗauri, da turara hayaƙi a rufaffen ɗaki, da tsaga, da ɗura masa jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, da barin sa ya kwana a hannun wani ba idonku, alhali shi yaro ne da ba zai iya faɗin abin da aka yi masa ba. Zai fi kyau maigida ne zai yi wa mahaifiyarsa wannan bayani, ba ke ba, kuma in da hali ku tafi da ita ganin likita ta ji da kunnenta.

Shi kuwa mutumin WhatsApp, irinsa suna ko'ina a duniya, har da masu farar riga. A 2005 wani yaro ɗan shekara biyar ya mutu a Pensilbaniya ta Amurka a wurin yi masa allurar da aka ce tana fitar da ƙarafa masu guba daga jini. Wasu suna sayar da ruwan da aka haɗa da sinadari irin na jabel (ruwan nan da ake cire tabo da shi a wanki), wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sha yin gargaɗi a kansa. Ko hana yaro alkama da madara da ake yayatawa ba shi da ƙwaƙƙwarar hujja, kuma ga yaron da dama abinci biyu ko uku kawai yake yarda ya ci, ƙarshensa tamowa.

Abu biyu suka rage. Yawancin irin waɗannan yara suna son ruwa, suna kuma sulalewa daga gida ba tare da sanin haɗari ba, ku kuwa ga kogin Binuwai ga rijiyoyi, don haka a rufe rijiya, a sa sakata inda hannunsa ba ya kaiwa, a kuma sanar da maƙwabta su riƙe shi idan sun gan shi shi kaɗai. Sannan dokar Kamaru ta 13 ga Afrilu, 2010 kan kare masu naƙasa ta tanadi katin naƙasa da rangwame ko yafe kuɗin makaranta. Ki je cibiyar walwalar jama'a ta gundumarku da takardar likita ki nemi katin tun yanzu, domin ba kowane shugaban makaranta ne zai ba ki haƙƙin nan da baki kawai ba.

TAMBAYA: Likita, 'yata mai shekara shida tana da otizim, kuma saboda tana cizon kanta an rubuta mata wani magani mai suna risperidone. Cizon ya ragu, amma ta yi ƙiba kuma tana yawan barci. In daina ba ta? Sannan matata tana da ciki, wani abokina ya ce allurar ƙyanda ce ke kawo larurar, kada mu yi wa jaririn. Shin shi ma zai iya samun ta?
Wani magidanci daga Marwa

AMSA: Malam, Allah ya sauke ta lafiya. Wannan magani da ɗan'uwansa aripiprazole su ne hukumar magunguna ta Amurka ta amince da su, a 2006 da 2009, domin rage tsananin fushi da cutar da kai ga yara masu otizim. Ba sa warkar da larurar, ba sa kuma koyar da magana, kuma ƙiba da barcin da ka gani suna cikin sanannun illolinsu. Kada ka yanke shi rana ɗaya da kanka. Ka koma wurin wanda ya rubuta, ka nemi a duba ko za a rage shi zuwa mafi ƙarancin abin da zai yi aiki, a riƙa auna nauyinta kowane wata, a kuma sa lokacin da za a sake nazarin ko har yanzu tana buƙatarsa. Idan ka ga hannunta yana rawa, ko jikinta yana sanƙarewa, ko bakinta yana motsi ba da sonta ba, kada ka jira ranar komawa. Ka saye shi a kantin magani na hukuma, ba wurin masu tallar ƙwayoyi a kasuwa ba. A ganina amfanin maganin shi ne ya kwantar da ita har a samu damar koya mata wata hanyar faɗin damuwarta, don haka abin da na gaya wa 'yar'uwarmu ta Garwa ya shafe ku.

Maganar allura tana da asali, kuma asalin ƙarya ne. A 1998 wani likita ɗan Ingila mai suna Andrew Wakefield ya wallafa rahoto a kan yara goma sha biyu yana danganta allurar da larurar. Daga baya an gano maguɗi a aikin, mujallar ta janye shi a 2010, aka kuma soke sunansa daga rajistar likitoci a shekarar. A Denmak an bibiyi yara fiye da 650,000, sakamakon da ya fito a 2019 bai nuna wata alaƙa ba, har ga waɗanda suke da wa ko ya mai otizim. Abin da ke ruɗar iyaye shi ne alamomin sukan fito fili tsakanin shekara ɗaya da biyu, wato jim kaɗan bayan lokacin allurar. Ƙyanda kuwa tana kashe yara a wannan yanki namu, tana kuma makantar da wasu, saboda haka idan jaririn ya cika wata tara a kai shi a yi masa.

Batun gado gaskiya ne. Bincike ya nuna cewa kimanin ɗaya cikin biyar na ƙannen masu otizim su ma suna samun sa, wanda ke nufin huɗu cikin biyar ba sa samu. Uwargida ta riƙa zuwa awo tana shan ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa, kuma idan tana shan maganin farfaɗiya mai suna valproate ta gaggauta sanar da likita, domin an tabbatar yana ƙara haɗarin ga ɗan tayi, amma kada ta daina da kanta. Bayan haihuwa ku lura: idan ya shekara ba ya amsa sunansa, ko ya kai wata goma sha takwas ba ya nuna abu da yatsa, ko ya fara kalmomi suka ɓace, ku kai shi a duba ba tare da jiran a ce nauyin baki ne irin na dangi ba.

TAMBAYA: Likita, jikana ne mai shekara takwas, an ce yana da otizim. Yana da saurin hadda, izu biyu ya riƙe, amma ba ya iya zama cikin yara a makarantar allo, yakan toshe kunne ya tashi, malam kuma yana yi masa bulala wai taurin kai ne. In cire shi?
Wata kaka daga Njamena

AMSA: Hajiya, Allah ya ƙara girma. Kada a yi saurin cire shi, amma bulalar ta tsaya daga yau, domin toshe kunnen ba rashin kunya ba ne. Karatun yara da yawa a lokaci ɗaya da babbar murya yana yi masa ciwo a kunne kamar yadda ba ya yi wa sauran, kuma duka zai sa ya haɗa karatun da tsoro. Mahaifinsa ko kawunsa ya je ya sami malam cikin girmamawa, da takardar likita, ya roƙi a zaunar da shi a gefe can nesa da tsakiyar hayaniya, a bar shi ya fita na 'yan mintuna idan ya cika, ko kuma a riƙa yi masa biyawa shi kaɗai da sassafe kafin yara su taru, ko da za a ƙara wa malam wani abu a kan kuɗin Laraba. Saurin haddar baiwa ce, sai dai kada ta rufe muku ido daga abin da zai fi buƙata nan gaba, wato iya wanka da tsarki da sa tufafi da kansa, da tsallaka titi, da faɗin sunan mahaifinsa da unguwarsu idan ya ɓata. A haɗa shi da wani babban yaro mai hankali da zai riƙa raka shi zuwa da dawowa, saboda a hanya ne tsokana ta fi yawa. Idan malam ya ƙi ajiye bulala bayan an yi masa bayani, to a sauya masa malami.